Mai Jira a Gindin Makunni

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗakin Misbahu ana kiran sallar magariba. Matarsa Suwaibatu na tsugune gaban murhu tana kwashe tuwo, ta ɗaga kai ta zagi yaran maƙwabta, ta ci gaba da aikinta. Can sai wani ya dire dab da ƙafarta. Ta ɗauka, ta ji shi a jiƙe, baƙi ƙirin, yana warin masai. A Pantami kuwa, a lokacin babu yaron da ke waje da magariba. Shekarun da bam ke tashi a tashoshin mota ne, an sa dokar hana fita, kowa ya kulle ƙofarsa tun rana ba ta faɗi ba. Unguwar ta yi tsit, ko kukan akuya babu.

Misbahu ya fito da buta a hannu. Ta miƙa masa dutsen. Ya shinshina, ya yar da sauri, ya shige ɗaki. Ya san warin nan, ai da shi yake wuni.

Mai gyaran wuta ne a wata tashar famfo da ke bayan wani rukunin gidajen ma'aikata a bakin gari. Duk ƙazantar gidajen can take gangarawa cikin wani rami mai zurfi, famfon da ke ƙasan ramin ya tura ta gaba. Su biyu ne a wurin, shi da Bernard, mutumin Kaltungo, mai shiga ramin ya cire tsummokaran da ke toshe famfo. Aikin yana da ƙa'idarsa. Kafin a taɓa komai sai a sauke babban makunni, a maƙala masa kwaɗo, mai shiga ramin ya jefa makullin a aljihunsa, a gwada waya a tabbatar ta mutu. Kafin a mayar da wuta kuma, sai an tsaya bakin ramin an yi bisimilla, an ɗaga murya: "A fito, za a sa wuta!" Ko babu kowa a ciki sai an faɗa. Tsofaffin ma'aikatan da suka koya musu ba su taɓa bayyana dalili ba, don kowa ya san su wa ke zama a irin wannan wuri.

To, kwanaki kaɗan kafin jifan nan, fis ɗin famfon, wato 'yar wayar da ke yanke wuta in an samu matsala, ya ƙone da la'asar sakaliya. Misbahu ya canza, ya sake ƙonewa. Haba, ko ɗan koyo ya san fis ba ya ƙonewa a banza, akwai wayar da ta ɓare a cikin ruwa. Amma rana ta yi ƙasa, sojoji na kan shinge, wanda doka ta ritsa da shi kuwa birgima yake sha a kwata. Bernard ya riga ya tafi. Sai gogan naka ya murɗa wata wayar tagulla mai kauri, ya cusa a gurbin fis, ya ɗaga makunni. Babu bisimilla, babu kira. Ruwan ramin ya yi wani tafasa sau ɗaya, aka yi ƙara siririya kamar ta ɗan kyanwa, famfo ya kama aiki. Ya taka kekensa ya yi gida, har yana jin ya yi dabara. Dabarar banza da wofi!

Tun daga ranar jifan gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Ƙwan fitilar zaure ya riƙa kamawa jajawur alhali duk unguwar babu wuta. Suwaibatu ta sa moɗa a randa, ruwan ya fizge ta har kafaɗa. Daga bayan gida ake jin wata mace tana rarrashin yaro, a hankali, a hankali, sai kuma ta fashe da kuka. Duk da haka Misbahu ya ja bakinsa ya tsuke, tsoro ya hana shi faɗa, kunya ta hana shi gyarawa.

Sai abin ya sauka kan Ikhlas, autarsu, yarinya mai shiru-shiru da ba ta daɗe da shiga sakandare ba. Tana wanke kofuna a bakin rariya, sai jikinta ya sandare, yatsunta suka ƙanƙame, haƙoranta suna kaɗawa. Misbahu ya taɓa ganin mutumin da wuta ta kama. Haka yake, ba bambanci. In ya lafa ta yi kwance kamar matacciya, magariba na yi ya dawo. Ta daina ci, ta daina gane uwarta.

"Baban Ikhlas," in ji Suwaibatu, "wallahi ka san wani abu. In yarinyar nan ta mutu ba zan yafe maka ba."

Washegari ya tafi unguwar Dawaki ya ɗauko Modibbo Hudu, wani dattijo siriri da ya shahara da ruƙiyya. Modibbo ya zo da shirin kwana, don doka ba za ta bar shi komawa ba. Ya sa aka shimfiɗe yarinyar a tabarma, uwar ta riƙe mata kai, ya zauna yana jiran rana ta faɗi. Da duhu ya fara rufa tsakar gidan, warin ya taso. Ya soma karatu, bai ɗaga murya ba, bai yi sauri ba. Ikhlas ta buɗe ido, ta kafe ubanta da su.

"Wace ce ke?" in ji Modibbo.

"Tambaye shi." Muryar da ta fito daga bakin yarinyar ta babbar mace ce, ta dishe da kuka. "Ni ce mai ramin. Tun kafin su haƙa shi nake wurin. Ban taɓa taɓa su ba. In sun yi kira mu fita, in sun gama mu koma. Ran nan bai kira ba. Ɗana yana cikin ruwan."

Suwaibatu ta yi salati.

"Ya mutu a hannuna yana karkarwa. Yadda ya yi, haka wannan za ta yi, har ta bi shi."

"Yarinyar nan ba ta kashe miki kowa ba," in ji Modibbo. "An zalunce ki, ban musa ba. Amma yanzu ke ma zalunci kike yi."

"Nawa ɗan me ya yi?"

Modibbo ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Ta yi ihu, ta yi zagi, duwatsu suka yi ta sauka kan kwano. Aka daɗe ana haka, zufa ta jiƙa masa rawani, sannan ta ce, "Tsaya, malam, kana ƙona ni! Zan sake ta. Amma wayar nan tana nan, har yanzu ruwan yana cizonmu. Shi zai shiga ya cire ta da hannunsa, ba abokin aikinsa ba. Ni kuma zan tsaya gindin makunnin."

"Ki yi masa me?"

Ta yi dariyar da ta sa tsigar jikin kowa tashi. "Abin da aka kulle da sunan Allah ba ni da ikon buɗe shi. Amma mutum ne, mai gaggawa ne. Wata rana zai manta."

Modibbo ya juya. "Ka ji, Misbahu. Ka yarda?"

"Na yarda, Allah gafarta Malam. Ta sakar mini ɗiya."

Ikhlas ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa zan sha."

Washegari da hantsi, a tashar, Misbahu ya gaya wa Bernard komai. Bernard ya ce, "Oga, wato ruwan da zan shiga gobe ke nan?" Sai ya je ya ɗauko igiya.

Misbahu ya sauke makunni, ya yi bisimilla, ya datse kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Ya zare wayar tagullar ya jefar. Suka buɗe murfin ramin suka bar iskar ciki ta fice, ya gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka. Ruwan ya kai masa cinya. Ya laluba ya kamo wayar da ta ɓare, tagullarta a fili.

A daidai lokacin ya ji ƙara daga sama. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Yesu!" in ji Bernard. "Oga, hannun makunnin yana motsi! Babu kowa a wurin!"

Hannun ƙarfen yana yunƙurin ɗagawa, yana bugun kwaɗo, yana komawa, yana sake yunƙurowa da ƙarfin da ya sa akwatin makunnin duka girgiza. Misbahu na tsaye cikin ruwa, ɓararriyar waya a tafinsa, hawaye na zuba. Ya gama aikinsa, Bernard ya jawo shi. Ya tsaya bakin ramin ya yi kiran da ya kamata ya yi tun ran nan.

Yanzu an daɗe da janye doka, shingayen sojoji sun tashi, Ikhlas har ta yi aure. Misbahu yana nan a tashar, gemu ya yi fari. Kwaɗon da ya fara sawa ya lanƙwashe, ya canza wani, shi ma ya lanƙwashe. Sababbin ma'aikata suna yi masa dariya, wai ko ƙwan fitila zai canza sai ya kulle makunni. Shi dai ya sani, duk ranar da ƙafarsa ta taɓa ruwan nan, yana jin ta a sama tana gwada kwaɗon.