Wa Ya Ɗaure Kekunan

Ranar da suka iso sansanin hutu na bakin tafki a yankin Mazury, Bogna tana tsaye a bayan 'yar tirelarsu ta kwana da ake ja da mota, tana kokawa da kekuna uku da suka sarƙe da juna. Fedar nata ta shige cikin wayoyin tayar na mahaifiyarta, ta ja ta ja abu ya ƙi. Mahaifinta Zenon ya tafi neman inda zai jona wuta, mahaifiyarta Lucyna kuma tana ciki tana shimfiɗa gado.

"In kika ci gaba da ja haka, da ƙafa za ki zaga tafkin nan," wani ya faɗa daga bayanta.

Ta juya a fusace, sai ta ga dogon saurayi riƙe da tukunyar shayi, rigarsa a bai-bai. Ta ce masa wanda bai iya saka riga ba, ina shi ina koya wa mutane sauke keke. Ya dubi ƙirjinsa, ya yi dariya har shayin ya zubo masa a ƙafa, sannan ya ajiye tukunyar ya ɗaga keken sama kaɗan, fedar ta fita salin-alin. Sunansa Leszek, yana koyarwa a wata firamare a garin Olsztyn, ya zo shi kaɗai da tanti da tsohon keke. Saboda jan gashinta da yadda ba ta iya zama wuri ɗaya, kafin magariba ya raɗa mata suna Kurege. Ita kuwa Dogo ta ce masa, har yau.

Hutun nan duk a kan keke suka yi shi. Su bi cikin dajin, su tsaya su tsinci 'ya'yan itace har bakinsu ya yi shuɗi, su sayi ƙyafaffen kifi su ci a kan takarda. Wata rana a bakin ruwa ya ce mata, "Kuregena, idan kika koma Lublin, ni wa zai riƙa zagina da safe?"

"Akwai waya ai. Zan riƙa aiko maka da zagin kafin ka tashi."

"To ki haɗo da murya, rubutu ba ya ƙosar da ni."

Lucyna ta so yaron tun ranar farko, kullum sai ta ajiye masa miya. Zenon ne dai bai sake da shi ba. Tsohon direban bas ne, abin da yake tinƙaho da shi a duniya shi ne duk tsawon aikinsa ko fenti bai taɓa gogewa ba. Mutum irin wannan ba a koya masa ɗaurin kaya.

Bogna ce ta yi suɓul da baka. Ta ba Leszek labarin yadda tirelar ta riƙa kaɗa bindi a hanyar zuwa, tun da aka rataya mata sabon keken Mama mai batir a baya, keke mai nauyi kamar ɗan maraƙi. Ranar tafiya sai ga Leszek da sassafe. Cikin ladabi ya ce kawunsa ma yana da irin wannan tirela, kuma ba ya ɗora mata nauyi a baya. Ya ɗora kekuna biyu a saman mota, mai batirin ya kafa shi a kan ƙarfen gaba da ke haɗa tirela da mota, ya ɗaɗɗaure. Zenon yana tsaye hannu a aljihu, ya ƙyale shi, don maƙwabta na kallo.

Gidan man farko da suka tarar, ya tsaya. Ya ce ba a haifi yaron da zai nuna masa yadda ake loda mota ba. Ya sauke kekunan duka uku ya mayar da su baya inda ya saba. Bogna ce ta riƙe masa igiya.

Sun yi nisa, a wata gangara, wata babbar mota ta wuce su da gudu. Tirelar ta karkata hagu, ta dawo dama, ta sake komawa da ƙarfin da ya fi na farko. Bogna ta ga wuyan mahaifinta ya sandare, ta ji Mama tana kiran sunan Maryamu. Daga nan sai ƙarar ƙarfe da ƙamshin ciyawa. Ita da Zenon ƙujewa kawai suka yi. Lucyna ta karye a ƙugu, wuri biyu. Ta tafi hutu da keke mai batir, ta dawo gida a keken guragu.

A barandar asibiti dangi suka taru. Gwaggo Jadwiga, yayar Zenon, ta tambayi yadda aka yi direba kamarsa ya faɗa rami. Bogna ta ga cikin yini ɗaya ya tsufa. Ya ce wani yaro ne mai shisshigi ya ɗaure kekuna a saman mota, ɗaurin ya kwance, keke ya zamo, shi kuma ya kauce. Da ya gama faɗa ya ɗago ya dubi 'yarsa. Ba umarni ba ne a idon nan, roƙo ne. Bogna ta sunkuyar da kai.

Washegari Leszek ya iso da furanni, ko barci bai yi ba. Ya ce, "Baba, yaya jikin Mama?" Zenon ya ce shi ba babansa ba ne, ya maimaita masa labarin a gaban kowa, ya nuna masa ƙofa. Leszek ya juyo wurin Bogna yana jiran ta ce wani abu. Ta kawar da kanta gefe. Ya ajiye furannin a kan benci ya fita.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Kuregena, na yi ta tunani. Lokacin da nake ɗaure na sama, ke nake kallo, ba igiyar ba. Ƙila ban ja ta ƙarshe ba. Ban san da wane ido zan dubi Mama ba. In kin tsane ni ba zan ga laifinki ba."

Ta rubuta masa gaskiya, ta goge. Ta sake rubutawa, ta tuna fuskar mahaifinta, ta goge. Abin da ta aika shi ne:

"Ban tsane ka ba, Dogona. Tsautsayi ne. Ka ci abinci."

Haka kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Duk ƙarshen mako Leszek yakan shigo jirgin ƙasa zuwa Lublin, su haɗu a ɓoye a wani shagon shayi kusa da tasha. Ya rame, ya sayar da kekensa, ya ce ko ganin keke ba ya so. Kullum tambayarsa ɗaya, Mama ta fara takawa? Bogna takan riƙe hannunsa ta ce ana samun sauƙi, ta koma gida ta kasa haɗiye abinci.

A gida kuwa an sami sabon ɗa. Witold, ɗan abokin Zenon, mai sayar da kayan gini, shi ke kai Lucyna gashin ƙashi a babbar motarsa. Mutumin kirki ne, ba ruwansa, sai dai yawan maganar tayil. Zenon ya riƙa zaunar da shi kusa da Bogna a teburin Lahadi, yana cewa ga namijin da ya san abin da yake yi. Wata Asabar Leszek ya iso da wuri, ya hango Bogna a gaban motar Witold suna dariya. Da suka haɗu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi gara ta auri wancan, wanda yake kai mahaifiyarta asibiti, ba wanda ya kwantar da ita ba.

Nan ne abin ya fi ƙarfinta. Ta faɗa masa komai, gidan man, kekunan da aka mayar baya, igiyar da ta riƙe da hannunta.

Ya ture kofin gabansa gefe.

"Tun ranar kin sani?"

"Na sani."

"Kina kallona ina kuka a teburin nan, kina ba ni hankici."

"Babana ne, Leszek. Da ka ga yadda ya koma. Na ji tsoron in na faɗa ba zai ƙara tashi ba."

"Shi ya sa kika zaɓi wanda zai iya ɗauka." Ya miƙe ya saka rigar sanyinsa. "Ƙaryarsa ba ta dame ni ba, Bogna, ai bai taɓa cewa yana sona ba."

Karo na farko ke nan da ya kira ta da sunanta tun bakin tafki. Ta aika saƙo ya fi a ƙirga, babu amsa. Na ƙarshe ta rubuta:

"Ba na neman ka yafe mini. Ina so dai ka san duk daren duniya ina jin nauyin igiyar nan a hannuna. Ka sayi keke, Dogo. Ba ka yi komai ba."

Shiru har ƙanƙara ta narke.

Lucyna ta fara takawa da sanda a farkon bazara. Wata rana tana zaune a kicin tana fere dankali, ta dubi 'yarta da ta zama kamar tsinke, ta tambaye ta ina dogon yaron nan da yake cinye mata miya. Bogna ta fashe da kuka. Lucyna ta bari sai da ta gama, sannan ta ce ƙugunta ne ya karye, ba kanta ba. Tana zaune a mota lokacin da aka tsaya a gidan mai, ta ga komai ta madubi. Tana kwance a asibiti aka ƙulla zancen, da ta farfaɗo ta tarar ya riga ya zaga dangi, ita ma ta ja bakinta don ta rufa wa mijinta asiri. Ba ta san yaron ya ɗauki abin a ransa haka ba.

"Mu biyu muka cuce shi, 'yar nan. Ba ni lambarsa."

Abin da ta faɗa masa a waya Bogna ba ta ji ba, don korar ta aka yi daga kicin. Amma ranar Lahadi Leszek ya ƙwanƙwasa ƙofa. Lucyna ta zaunar da shi a kujerar da Witold ya saba zama, ta zuba masa miya, ta sanar da mijinta cewa wannan ne surukinta. Zenon ya fara ɗaga murya, yana cewa muddin yana numfashi. Ta ajiye ludayi ta ce, "Zenon, in kana so mu yi zancen gidan mai, sai in kira Jadwiga ta zo a yi da ita." Ya tashi ya fita baranda, ya sha taba har miyarsa ta huce.

Da Bogna ta raka Leszek tasha, ta tambaye shi ko ya yafe mata. Ya ce bai sani ba tukuna. Ya gwada rayuwa ba ita, ya ga ta fi wannan ciwo, iyakar abin da ya sani ke nan. Ta ce za ta tara dangi ta faɗi gaskiya. Ya girgiza kai, ya ce tsohon ba shi da abin da ya rage masa sai sunan nan na direban da bai taɓa kuskure ba, in aka ƙwace, Mama ce za ta yi jinyarsa da sandarta.

"Zan ɗauka. Amma wannan karon ni na zaɓa. Kar ki ƙara zaɓar mini, Kurege."

Ta kifa fuskarta a rigarsa, jirgi ya zo ya tafi bai shiga ba.

An ɗaura auren a watan Agusta. Kafin a tafi coci suka durƙusa a falo don karɓar albarkar iyaye. Lucyna ta yi musu alamar gicciye a goshi tana hawaye. Zenon ya ɗora hannu a kan Leszek. Bogna ta zuba masa ido, tana jiran kalma ɗaya tak ta neman gafara. Bakinsa ya buɗe, ya rufe. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya janye hannunsa.

A wurin walima, bayan an tarbe su da burodi da gishiri bisa al'ada, Gwaggo Jadwiga ta miƙe da kofi. Ta yabi ƙanenta, ta ce samun mai zuciya irin ta Zenon sai an tona, mutumin da ya ɗauki 'yarsa ɗaya tilo ya ba wanda ya nakasa masa mata. Aka tafa. Zenon ya kafa ido a farantinsa. Bogna ta yunƙura za ta tashi, Leszek ya matse hannunta a ƙarƙashin tebur har sai da ta ji zafi. Ya ɗaga kofinsa ya sha.

Sai baƙi suka fara buga tebur kamar yadda ake yi a kowane biki, suna rera cewa abin shan da ɗaci, da ɗaci, sai ango da amarya sun zaƙaƙa shi da sumba. Leszek ya miƙe ya tashe ta. Ya sunkuyo, ya raɗa mata cewa yau dai sun faɗi gaskiya. Ta yi dariya hawaye na zuba, ya sumbace ta.

Lucyna ta dogara sandarta ta tako har inda suke, a hankali, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba. Ta haɗa hannuwansu cikin nata, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya sa wannan ne ɗaci na ƙarshe da za su haɗiye saboda wani. Duk zauren ya amsa da amin. Zenon ma ya amsa, a can ƙasan maƙoshi, bai ɗago kai ba.