Wa Ya San Maman Auta?

Maman Auta tana cikin guga a falo 'yarta Auta ta shigo, ta yar da jaka a kan kujera, ta fashe da kuka. Wani kafinta ɗan cocinsu ne ke neman auren Auta, yaro mai natsuwa, har an fara zancen sa rana.

Da ƙyar uwar ta gane bakin zaren. Dangin kafinta sun yi binciken da ake yi kafin aure, sun tambayi dattawan coci da matan zumunta, kowa ya ce bai san gidan ba. Ba wanda ya faɗi aibu, ba kuma wanda ya faɗi alheri. Gwaggon kafinta, wadda ta riƙe shi tun yana maraya, ta ce ba ta haɗa zuri'a da gidan da ba shi da mai shaida.

"Ba su san mu ba? Ni da nake cocin nan tun kina goye?"

"Mama, filis! Bencin baya kike zama, kafin a gama cewa amin kin kai bakin titi. Ko mai gadi ƙeyarki kawai ya sani."

Maganar ta soke ta, amma mamaki ya fi zafin yawa. To me ake yi ne bayan amin ɗin?

Ran Lahadi da aka tashi sujada ta ƙi motsi. Ta ga samari suna jera benci, ta ga mata suna shigewa wata ƙaramar ƙofa a gefen bagadi, wadda ita a zatonta ɗakin ajiya ne. Ta bi su. Ashe ciki kofunan Jibin Ubangiji ake wankewa, ana haɗa sabulu da zannuwa a kwando don marasa lafiya, kuma mai ba da umarni ita ce Gwaggo. Matar fasto ta yi mata sannu da zuwa irin ta baƙi, ta tambaye ta daga wane gari take. Cikin kunya ta ɗauki kwando ta bi sahu.

Gidan da suka fara shiga, wata tsohuwa ce kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Tana ganin Maman Auta ta yi murmushi, ta kira ta maƙwabciyar benci. Shekaru suna zama kafaɗa da kafaɗa, da Maman Auta ta daina ganinta ta ɗauka tafiya ta yi. A nan take ta karɓi jinyarta duk ranar Laraba: ta yi mata wanka, ta juya ta, ta karanta mata Zabura a hankali, tana bin layi da yatsa.

Wata rana Gwaggo ta tare ta a ƙofa.

"Idan don auren nan kike wahala, ki huta. Na riga na gama magana."

Ta koma gida ta faɗa wa Auta. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce a bar musu cocinsu. Kafinta kuwa ya zo ya durƙusa, ya ce ba zai saɓa wa Gwaggo ba, ba zai kuma kalli wata ba, zai jira.

Laraba ta zagayo. Maman Auta ta yi ta kai da kawo a tsakar ɗaki: in ba ta je ba, wa zai juya baiwar Allahn nan? Ta yafa mayafi ta fita. Haka ta ci gaba wata da watanni, ba mai sake ta da zancen aure.

Ran nan tana bayan ɗakin tsohuwa tana fama da jiƙaƙƙen bargo, sai ga Gwaggo. Ta tsaya ta daɗe tana kallonta, sannan ta naɗe hannun riga ta kama ɗaya gefen, suka shiga matsewa.

"Yaushe maigidanki yake gida? Za mu zo."

"An samu mai shaidar ne, Yaya?"

"Ni ce. Murɗa da kyau, ruwa na zuba mini a ƙafa."

Aka yi auren, coci ya cika har waje. Ku da kuke zuwa ku zauna ku tashi, ku sani bangaskiyar da ba ta taɓa jiƙa hannu saboda wani ba, ranar da aka nemi mai shaidarta shiru za a ji.