Kujerar Motar Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, da faɗa ta je.

Yayanta ne ya sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar a-kori-kurar Baba bai gaya wa kowa ba. Tun rasuwar Baba motar take ajiye a ƙofar gida, tayoyi sun sace, kyanwa ta mayar da ita ɗakin haihuwa, amma Auta ba ta taɓa wucewa ba ta shafa ta ba. Tana tashi daga shagon maganin da take aiki ta nufi filin da ake yanka tsofaffin motoci.

Motoci ne jibge a kan juna, wasu ba ƙofa, wasu ba gilashi. Can tsakiya ta hango tasu, wani saurayi mai walda ya durƙusa yana kwance mata fitila a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙaya.

"Malam, ɗauke hannunka daga motar ubana!"

Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Bai yi fushi ba.

"Allah ya jiƙan mai ita. Wallahi ya iya riƙon mota, ko noti ɗaya ban samu ya ci ba." Ya nuna mata fitilar. "Wannan wani direban motar 'yan makaranta ke jiran ta. Giyar kuma za ta tayar da motar wani mai kai ruwa. Ba mutuwa za ta yi ba, 'yar'uwa, rarraba ta za a yi."

Faɗan da ta ɗauko ya bi iska, hawaye suka zo a madadinsa. Ta dafa kujerar direba, wadda ta lotsa daidai zaman Baba.

"Wannan fa?"

"Wannan ba mai taɓa ta. Na yi miki alkawari."

Daga nan ƙafarta ta saba da filin. Ta ce kujera take zuwa dubawa, shi ma ya yi kamar ya yarda. Takan zauna ta kalle shi yana mayar da tayoyi lilon yara, bodin mota ya zama ƙofar shago, sifirin ya zama fartanya. Ba ta taɓa ganin mutumin da yake kallon tsatsa ya hango amfani kamarsa ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Likitata, yau na bugi yatsana da guduma saboda tunaninki. Akwai magani?"

Ta mayar masa: "Akwai, Sarkin Tsatsa. Ka daina tunani, ka zo ka gaida Mama."

Ya je, amma Mama ko ruwa ba ta sa an ba shi ba.

"Mutumin da ya yayyanka motar ubanki shi za ki kawo min gida?" ta ce bayan ya fita. "Ga abokin Yayanki mai shagon sababbin motoci, kullum yana aike. Ke kuma sai mai baƙin farce?"

"Mama, baƙin mai ne, yana fita da sabulu."

"To a bakina dai babu."

Ana cikin haka Auta ta je filin wata rana ta tarar babu kujera, babu shi. Mai filin ya ce ai wata mace ce ta zo, suka ɗora ta a mota suka tafi tare suna ta dariya. Ta tura masa: "Ashe alkawarinka ma na gwangwan ne. Kar ka sake nema na."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya rubuto: "Ki ba ni zuwa ƙarshen mako, Likitata." Ta goge. Ta yini tana miƙa wa mutane magani, nata ciwon kuwa ta rasa inda za ta sa shi.

Ƙarshen makon sai ga sallama. Shi ne, da wata mace mai kama da shi sak, suna ɗauke da wani abu lulluɓe da zane.

"Yayata ce," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ɗinkin kujerun mota take yi."

Kunya ta rufe Auta. Suka yaye zanen a tsakar gida. Kujerar Baba ce, an yi mata ƙafafu da hannuwa na ƙarfe, an ɗinke yagar da ke gefe da zare mai launinta.

"Na ji an ce Mama na fama da gwiwa, na ɗaga ta yadda tashi ba zai yi wuya ba. Na hana a canja soson. Gurbin zamansa yana nan."

Mama ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna a hankali, ta jingina, ta rufe ido. Da ta buɗe idon, jiƙe yake.

"A nan yake zama ya ce in shigo mu tafi, ni kuma ina ta neman mayafi," ta ce. Ta dubi saurayin sosai, karo na farko. "Auta, tsaye za ki bar ɗan mutane? Kawo masa ruwa. Kai kuma ka turo manyanka."

Auta ta kawo ruwan ta ajiye a gabansa. Ta sunkuya ta ce, "Ka yafe min."

"Sai kin duba min yatsan nan tukuna," ya raɗa mata.

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Direbobi da makanikan da ya taɓa tayar wa motoci suka cika layin, har Yaya ya rasa inda zai sa baƙi. Da za a tafi da amarya, Mama ta kama hannun ango ta ɗora na 'yarta a kai.

"Na so in yi mata zaɓe da ido, ita ta yi da zuciya, ta fi ni gani. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Auta ta ce amin cikin kuka, ta ji ya ƙara matse hannunta.