Awartakin Cire Haƙori da Kumatun Sufeto Shekari

An kama ɓarawon awartakin fa, Yaya Zubaidatu! Kuma ba wanzamin ba ne, duk mun ɗauki alhakinsa. Bari in gyara goyo ki sha labari.

Ranar Talata da hantsi Sufeto Shekari ya shiga ɗakin maganin kamfanin auduga na Sabon Gari, kumatu ya kumbura kamar ya ɓoye goruba. Kwana huɗu bai tauna ko tuwo ba. Ya tarar da Gregory, mai ba da magani, yana ta birkice akwati.

"Sufeto, gara da ka zo. An sace awartakin cire haƙori!"

"Wanne? Babu wani?"

"Shi ke nan ɗaya duk ƙasar nan. Wani sai an aiko daga Ikko, wata biyu."

Sufeto ya dafe kunci. Wata biyu! Ya duba kanta: kwalabe na nan, auduga na nan, ƙarfen kawai aka ɗauka.

"Wa ya shigo ranar da ya ɓace?"

"Ma'aikata. Sai wani baƙauye da matarsa, zuwansu na uku ke nan. Na ce babu takardar kamfani, babu magani. Doka ce."

"Ya taɓa wani abu?"

"Ya ɗauki awartakin, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara a kunne. Na ce ya ajiye, na shiga ciki."

Sufeto ya nufi rumfar Uba wanzami, don kowa ya san yana jin haushin ɗakin maganin.

"Uba, ina ƙarfen Gregory?"

"Ranka ya daɗe, ni ko hanyar wurin ban sani ba."

"Ƙarya. An gan ka kana leƙe ta taga."

Uba ya sosa ƙeya. "To, na leƙa. Cewa na yi ko shi ya kwashe mini mutane. Kwana uku ba mai ciwon haƙori ko ɗaya daga Samaru. Da kuwa har layi suke yi in ƙona musu da ƙusa."

Sufeto ya yi tsaki, tsakin ma ya ja masa zogi. Ya kama hanyar Samaru a ƙafa, rana tsaka, kowane taku sai ya ji shi har cikin kunne.

A bakin rijiya ya gamu da Iya Kaltume mai ƙosai. Ta yi masa murmushi, sai ga giɓi sabo fil.

"Iya, ina haƙorinki?"

"Ɗan nan, ƙashi na tauna."

Ya wuce. Wani manomi mai sabon giɓi ya ce jaki ne ya harbe shi. Wani kuma ya ce shi ma jaki.

"Jakin garin nan gwani ne," in ji Sufeto. "Yana zaɓen ruɓaɓɓe ya bar mai kyau, ko leɓe ba ya fasawa!"

Sai maganar Gregory ta faɗo masa. Wa ke buga ƙarfe ya saurara? Wanzami da babban yatsa yake gwada kaifi. Mai sauraron ƙarfe maƙeri ne.

Ya tarar da Umaru maƙeri gaban wuta, matarsa Rahamatu tana gefe tana shayar da jaririya, tana gurgurar rake abinta.

"Umaru, ka je Sabon Gari makon nan?"

"Rabona da can tun damina, ranka ya daɗe."

"Ke baiwar Allah, yi dariya."

Rahamatu ta rufe baki da gyale. Sufeto ya sa sanda ya ɗaga buhun gawayi. Yaya, awartaki biyu! Ɗaya fari yana ƙyalli, ɗaya baƙi, ɗanyar ƙira, amma kamar tagwaye.

Umaru ya ajiye guduma. "Ni na ɗauka. Sau uku muna taka ƙasa da jego, ana koro mu. Ba ta ci, nono ya ƙafe, yarinya na ramewa. Na ce in ga yadda aka ƙera shi in mayar. Da na cire nata, sai maƙwabta suka ji."

Sufeto ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba har caji ofis. Ya ɗauki farin ƙarfen da sauri ya kai wa Gregory, ya zauna a benci, ya wangale baki.

Gregory ya gode ƙwarai, ya goge awartaki, ya miƙa hannu.

"Takardar kamfani, Sufeto?"

Wallahi haka ya ce! Ɗan sanda ba ma'aikacin auduga ba ne.

Sufeto ya rufe baki, ya miƙe. Ya koma ofis, ya buɗe ɗakin tsaro, ya kwance wa Umaru ankwar, ya ciro baƙin awartaki daga cikin kayan shaida, ya zauna a ƙasa.

"Na hagu, na can ƙurya. Kuma in ka ji mini ciwo sai na ƙara maka wata guda."

"Buɗe sosai, ranka ya daɗe," in ji Umaru.

Kwana bakwai aka yanke masa, baƙin ƙarfen kuwa Sufeto ya ce ai ba na kowa ba ne sai na wanda ya ƙera. Ranar Laraba zai fito. Don Allah ki faɗa wa Inna da matan ƙauyen Bomo, duk mai ciwo ta daure zuwa Laraba, ba a tambayar takarda!