Sallahun Hajiya Batulu

Hantsi ya ɗaga lokacin da aka kira Sufeto Hatim daga wani kamfanin jigilar kayan alhazai a Aziziyya. Na'urar duba kaya ta nuna bindiga a cikin ƙunshin darduma, kuma an riƙe mai kayan.

Hatim haifaffen Makka ne, jikan Hausawan da suka zo da ƙafa suka zauna a kan dutsen Nakkasa. A ofis da wani muƙami na Larabci ake kiransa, amma Hausawan garin Sufeto suka sani. Duk wata rigima da ta shafi alhazan Najeriya, shi ake turawa.

Ya zaci zai tarar da wani ƙato. Sai ga wata tsohuwa a kan benci, sanda a gefenta, tana jan carbi. Hajiya Batulu ce daga Talata Mafara. Jirginsu gobe zai tashi, in kuwa laifin ya tabbata a kanta, ba gida za ta ba, kurkuku za ta.

"Inna, wannan ƙunshin naki ne?"

"Nawa ne, ɗan nan. Tsarabar jikoki ce."

"Wace kala ce dardumar da ke sama?"

"Kore."

Ja ce. Ya sake tambayarta inda ta saya, ta ce kasuwa. Wace kasuwa? Ta ce ai kasuwa duk kasuwa ce. Kai, tsohuwar nan ko ƙaryar kirki ba ta iya ba!

"Inna, sallahu aka ba ki, ko ba haka ba? Wa ya ba ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ce maka nawa ne."

Hatim bai yi mamaki ba. Ya san halin mutanensa. In an ba mutum saƙo ya kai gida, ba ya buɗewa, ba ya tambayar abin da ke ciki, don yin hakan rashin kunya ne. In kuma abu ya ɓaci, bakinsa ba zai ambaci wanda ya yarda da shi ba. Haushi ya kama shi, tausayi kuma ya fi haushin yawa.

Ya shiga wurin Mukhtaru, ma'aikacin da ya karɓi kayan a kan sikeli.

"Ita kaɗai ta zo, yallaɓai," in ji Mukhtaru tun ba a gama tambayarsa ba.

"Ɗaga mini ƙunshin nan."

Mukhtaru ya ɗaga da hannu biyu yana nishi.

"To, matar da ke dogara sanda ce ta ɗauko shi ta hau matakalar nan? Ka mai da ni yaro ne?"

Gumi ya keto wa Mukhtaru. "Wallahi wani ne ya ɗauko mata. Ban san sunansa ba. Hausarsa irin taku ce, ta 'yan nan, rabi Larabci. Ya ce mini kayan na gida ne, sai na ji kunyar kwancewa."

"Kunyar nan taka ce ta zaunar da tsohuwa a kan bencin can."

Aka shimfiɗa dardumomin a kan tebur. An raba bindigar biyu, bututun daban, kotar daban, an naɗe kowanne da farin ƙyalle. Tsohuwar bindigar farauta ce. Da aka ware kotar, Hatim ya tsaya cak. Itacen ya taɓa tsagewa, an ɗaure wurin da jar fata an ɗinke.

Ya san fatar nan. A gabansa aka ɗinka ta.

Bindigar marigayi Baba Sabitu ce, maƙwabcinsu a Nakkasa. Mutum ne mai bin doka, da lasisinsa, kuma bai taɓa farauta ba sai ya fita can bayan iyakar Harami. In ya dawo, unguwa ta cika da ƙamshin nama, yara su zauna a ƙofar gidansa yana ba su labarin dajin Zamfara, dajin da shi ma a bakin ubansa ya ji. Cikin yaran, Hatim da Munzali ɗan gidan ne ba sa rabuwa. Kwano ɗaya suke ci, bulala ɗaya suke sha.

Hatim ya ajiye kotar a kan tebur. Da ma wani aka ba aikin nan.

A hanyarsa ta zuwa wurin Munzali ya bi ta gefen Nakkasa, bai san dalili ba. Inda gidajensu suke, yanzu fili ne da tarin duwatsu. Ya nemi wurin da matakalarsu take, wadda suke tsere a kanta da jarkokin ruwa, bai gane ba. Ya ja mota ya wuce.

Munzali ya koma wani bene tun da aka rushe unguwar. Da ya buɗe ƙofa sai ya rungume Hatim.

"Hatim! Ya salam! Yau wace rana? Shigo, yalla, shigo!"

Suka zauna. Aka kawo shayi, Hatim bai taɓa ba.

"Ina bindigar Baba?"

Munzali ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba, wannan ai ta bi gida. Ranar rusau ƙasa ta binne ta."

"Ka sanar da hukuma?"

"Wa ke ta bindiga a ranar? Innarmu muke ta fitarwa."

"Bana kun yi baƙi daga gida?"

"Ko ɗaya. Tun da muka bar dutse wa ya san inda muke?"

Daga ɗakin girki wani ƙamshi ke shigowa, wanda Hatim ya daɗe bai ji irinsa ba. Daddawa ce sabuwa da man shanu, ba irin wadda ta shekara a kantin Aziziyya ba.

"Munzali, wa ya kawo muku daddawar gida?"

Munzali ya kalli bango.

"Wanda ya kawo saƙo daga can, shi ake ba wa na komawa. Tun muna yara haka ake yi. Kawunka na Mafara ya aiko Hajiya Batulu da tsaraba, ko ƙarya na yi?"

"Ta ce ni ne?"

"Da ta faɗa ai da sauƙi. Tun safe take cewa kayanta ne. Ta gwammace a rufe ta da ta ambaci sunan gidan da ta ci tuwonsa."

Munzali ya dafe kai da hannu biyu.

"Gado muka zo rabawa. Bindiga ba ta rabuwa, Hatim. Kawu ya ce shi zai saya, ta koma inda kakanmu ya fito. Ta waya muka yi ciniki, da shaidu a can da shaidu a nan, na ce na sallama, aka shafa fatiha. Ni a wurina ciniki ya ƙare."

"Ba akuya ba ce, Munzali! Lasisin na Baba ne, ba ya bin gado haka kawai. Da ya rasu sai ku je hukuma, ko a mai da ita sunan ɗayanku, ko ku miƙa ta. Sayarwa sai da izini, kuma sai ga wanda aka yarje wa riƙewa. Balle fitar da ita ƙasar waje a cikin darduma!"

"In na kai musu ba za su dawo da ita ba. Gida ya tafi, unguwa ta tafi, Baba ya tafi. Ita kaɗai ta rage." Hawaye ya zubo masa. "Na ce wa Hajiya sallaya ce. Wallahi ba ta san komai ba."

"Zo ka faɗa a gabanta."

Hatim bai sa masa ankwa ba. A kujerar gaba ya zaunar da shi.

A ofishin 'yan sanda, inda aka mayar da tsohuwar, Munzali ya maimaita maganarsa aka rubuta. Hatim ya ɗauko fasfon Hajiya Batulu ya miƙa mata da hannu biyu.

"Inna, an sallame ki. Gobe in Allah ya yarda za ki kwana a gida. Amma don Allah, in an sake ba ki saƙo, ki duba."

Ba ta ko kalli fasfon ba. Idonta na kan Munzali, wanda kurtu biyu suka sa a tsakiya za su wuce da shi ciki. Ta dogara sandarta ta miƙe da ƙyar, ta tare musu hanya.

Munzali ya durƙusa. "Hajiya, na cuce ki."

Ta girgiza kai. "Tashi, ɗan nan. Kai za ka yafe mini. Ka ba ni saƙo, ban isar ba."

Hatim ya juya ya fuskanci taga, don kada kuratan su ga idonsa. Yana jin takunsu har aka rufe ƙofa.