Farar Rigar Kyaftin

Magariba ta kawo jiki aka tashi daga wasan shekara a dandalin Valderna. An kwaikwayi ranar da sojojin Ostiriya suka rataye masu ƙona gawayin garin, waɗanda suka yi musu tawaye a zamanin da. Ermete mahauci ne ya fito a matsayin kyaftin ɗin sojojin, don kaf garin babu mai tsawonsa, babu kuma mai son a kalle shi kamarsa.

Al'ada ce kyaftin ya tuɓe farar rigarsa a gaban jama'a kafin ƙararrawar coci, a tattake ta. Sai ga matarsa Nives a guje: mahaifiyarsa, can gidan kan tudu, maganin numfashinta ya ƙare.

"Tuɓe tukuna mana," in ji Nives.

"Ke dai! Kafin in gama da maɓallan nan Mama ta shiɗe."

Ya fizgi sabon maganin da ke hannunta, ya yanke ta kurmi. Yana tsakiyar itatuwa ƙararrawa ta kaɗa a bayansa.

Sai ƙaurin gawayi. Rabon da a ƙona gawayi a kurmin nan tun kakanni.

Tsuntsaye suka yi tsit. A saman kansa wani abu yana ƙiiii, ƙiiii, kukan igiya a jikin reshe.

Mutane ne tsaye a kan hanya, fuskokinsu baƙi ƙirin. Ya ɗauka abokan wasansa ne.

"Ottavio, mashayin banza, matsa in wuce!"

Babu wanda ya motsa. Wuyan kowannensu a karkace yake.

"Kyaftin," wani ya raɗa. "Ka dawo."

Ya kai hannu ga maɓallan, suka ƙi. Wuyan rigar ya fara matse shi.

"Ni naku ne!" ya ce da ƙyar. "Jinin Severo Baldassi, wanda aka rataye tare da ku! Sunansa na jikin dutsen dandali!"



"Severo?" Numfashin mai sanyi ne, dab da kunnensa. "Ba a rataye Severo ba."

"Shi ya riƙe wa sojojin fitila," in ji wani a bayansa.

Igiya ta sauka a kafaɗarsa. Jiƙaƙƙiya.

Ya damƙi ƙirjin rigar da ƙarfin da yake kayar da bijimi, ya keta ta har ƙasa. Ya sulale daga ciki. Ya ruga, ƙaya na yagar sa, bai waiwaya ba.

A ƙofar gida ya zube, maganin na damƙe a hannunsa. Tsohuwa ta sha, numfashinta ya daidaita.

Ba a ga rigar ba har yau. Ermete bai sake shiga wasa ba, muryarsa kuma ta dishe ke nan. Mutumin da a da ba ya iya zama da baƙo bai ambaci Severo ba, yanzu in an kira sunan sai ya tashi ya bar wurin. Abin ya ci shi ƙwarai, kuma bai faɗa wa kowa ba, ko Nives.

Da shekara ta zagayo, mahaifiyarsa ta sa baƙin mayafinta, ta miƙa masa furanni.

"Riƙe ni, ɗana. Mu je dandali mu gaida jaruminmu Severo."

Ya riƙe ta, suka tafi.