Sharar Rajista Ba Kwafi

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Mai gyaran kwamfuta yana zaune a falo da tsohuwar kwamfutar da ya sayo wa 'yarsa hannu na biyu. Nauyi gare ta, kafin ta buɗe sai ka sha ruwa ka dawo. Ya shiga rajista, can cikin cikinta inda take adana tsarin kowace manhaja, ya tarar da tarkacen masu ita na da jibge.

Mutumin nan fa, a shago bakinsa ba ya gajiya: "Kafin ka taɓa rajista, ɗauki kwafinta ka adana a filas, 'yar ma'ajiyar nan. In ka goge abin da bai kamata ba, sai ka mayar." Amma yau ta gida ce, ga gajiya, ga yunwa. Akwai wani layi da bai taɓa ganin irin rubutunsa ba. Ya ɗan tsaya, ya taɓe baki, ya haɗa da shi ya goge.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani. Ya fita da fitila, ba kowa. Ya dawo ya tarar fankar kwamfutar tana kuka, alhali da hannunsa ya zare wayar wutarta.

"Baban yara," matarsa ta ce, "zo ka ga yarinyar nan."

Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, idanu a kafe, yatsunta suna ta danna iska kamar mai neman abin da ya ɓace. Ta daina ci, ta daina barci. Kullum rana ta faɗi sai jifa. Uban ya rame, ya shiga nan ya fita can, ya kasa zama ko'ina.

Da abin ya ci tura, ya ɗauko wani tsohon malami. Malam ya zauna gaban yarinyar yana karatu a hankali, har gidan ya yi tsit. Can sai wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ubanta ya share mini ɗaki."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Na riga shi zama a cikin kwamfutar nan. Ban taɓa kowa ba. Ya mayar mini yadda yake, in fita."

Malam ya juyo. "To, ka ji. Mayar masa."

Gumi ya karyo wa mai gyara. "Malam, ban ɗauki kwafi ba."

Yarinyar ta yi wata dariya da ba tata ba. "Kai da kake yi wa mutane wa'azi? To, nan na samu wuri, na zauna ke nan."

"Ba ka isa ba," in ji Malam. "Jikin nan ba naka ba ne. Ita me ta yi maka?"

Ya ɗaga karatu, ta yi ta murƙususu, uwar tana kuka a bakin ƙofa. Daga baya muryar ta yi laushi.

"Zan tafi. Amma sai na goge abu ɗaya a kanta, yadda aka goge nawa."

Malam ya buɗe baki zai ƙi, uban ya riga shi. "A kaina! Ni na yi, goge a kaina!"

"Kai!" Malam ya daka masa tsawa, amma magana ta riga ta fita.

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa. Fankar ta tsaya cak. Mai gyara ya shafa kansa, ya laluba: shagonsa yana nan, karatun sallarsa yana nan, fuskar mahaifiyarsa tana nan. Ya yi hamdala, ya ɗauka ya tsira.

Ta buɗe ido, ta miƙo masa hannu. "Baba."

Ya durƙusa ya rungume ta, hawaye na zuba, ya buɗe baki zai kira ta. Wajen wayam. Matarsa ta faɗa masa sunan, ya ji shi sarai, kafin ya kai harshensa ya zube. Ta sake faɗa, ya sake zubewa.

"Baba," yarinyar ta ce, "kira ni mana."